Katin Bashi da Kuɗin Shekara: Shin Tukuicin Ya Kai Abin da Ake Biya?

Wanda ya san unguwar Tandabawi, wadda take yamma da Masallacin Harami a Makka, ya kuma san maƙwabtanta irin su Shara Mansur da Hindawiyya, ya san cewa da yawa daga Hausawan da ke zaune a wurin zuriya ce ta mutanen da suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram, suka ratso Barno da Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa jaki da raƙumi, suna yada zango suna noma ko ƙwadago domin samun guzurin gaba, har suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin bayan shekaru a kan hanya. Waɗancan bayin Allah guzurinsu a ɗaure yake cikin lalita, kuma abin da ke cikinta shi ne iyakar abin da za su iya kashewa. Jikokinsu kuwa sun wayi gari a zamanin da mai kanti yake tambayar mai saye, "Kash ko shabaka?", wato da tsabar kuɗi zai biya ko da kati, Babban Bankin Saudiyya ma, wanda aka fi sani da SAMA, ya bayyana cewa a shekarar 2024 kashi 79 cikin 100 na biyan kuɗin da jama'a suka yi a cinikin yau da kullum ta na'ura aka yi shi.

A cikin wannan hali ne wata mas'ala ta kunno kai, wadda ake yawan taƙaddama a kanta a majalisu da ƙofofin shaguna. Bankuna suna tallata wani irin kati da ake biya wa kuɗi kowace shekara, suna alkawarin cewa mai shi zai riƙa tara maki a kan duk abin da ya saya, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa, ko ya tara abin da zai kai shi Kano a jirgi kyauta, ya kuma zauna a zauren manya a filin jirgin Jidda. Wasu suna ganin wannan ganima ce da ba ta kamata ta wuce mai hankali ba, wasu suna ganin duk wani kati haramun ne ba tare da tafsili ba, mafi yawa kuwa ba su rarrabe tsakanin wannan kati da wanda suke karɓar albashi da shi ba. Ya kamata a warware zaren daki-daki.

Ma'anar kalmomi

Tushen ruɗanin yana cikin suna, domin a Nijeriya kowane kati "katin ATM" ake ce masa, a Saudiyya kuma mutane sukan ce "fiza" ga katin bashi, har mai jin Hausa ya zaci bizar tafiya ake nufi, alhali Visa sunan kamfani ne kawai, kamar Mastercard, wanda aikinsa sada bankin mai saye da bankin mai sayarwa. Katunan da ke hannun jama'a iri uku ne. Akwai katin mada, wanda yake ɗaure da asusun mutum, ba ya fitar da ko halala ɗaya sai daga abin da mai shi ya mallaka. Akwai katin da ake zuba wa kuɗi tukuna sannan a yi sayayya da shi, wanda Larabawa ke kira "musbaƙatud daf'i". Sai kuma katin bashi, "biɗaƙatul i'itiman", wanda banki ne yake biya wa mutum a lokacin sayayya har zuwa wani haddi da aka yanka masa, daga baya shi kuma ya biya bankin. In ya biya duka cikin wa'adi babu ƙari, in ya bar saura kuwa sai a ɗora masa wani abu a kai kowane wata. A kan wannan na uku maganarmu take.

Kuɗin shekara, "rusum sanawiyya", shi ne abin da ake cirewa domin riƙe katin kawai, ko an yi amfani da shi ko an ajiye shi a aljihu. Tukuicin kuma yakan zo ta fuska uku. Maki, "nuƙaɗ", su ne ake tarawa a musanya da kaya a wasu kantuna, kamar shirin Mokafaa na bankin Al Rajhi, da LAK na bankin Al Ahli, da Hassad na bankin Riyad, da Akthr na bankin Alinma. Mil-mil, "amyal", maki ne na kamfanin jirgin sama, mafi shahararsu a ƙasar shi ne Alfursan na kamfanin Saudia, kuma ba awon nisan tafiya suke nufi ba, suna ne kawai na abin da kamfanin yake lissafi da shi. Sai "kash-bak", wato mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe. Wata kalma ɗaya tana bukatar taka-tsantsan: a rubutun boko "riba" ta ciniki, wadda Allah Ya halatta, da "riba" ta bashi, wadda Ya haramta, siffarsu ɗaya ce, saboda haka a nan za a riƙa kiran ta biyun kuɗin ruwa.

Daga ina tukuicin yake fitowa?

Al'adar ta faro ne a Amurka, inda aka fito da katin Diners Club a birnin New York a 1950, sannan American Express da BankAmericard, wanda daga baya ya zama Visa, suka biyo baya a 1958. A 1981 kamfanin jiragen American Airlines ya buɗe shirin tara mil-mil, ba a jima ba bankuna suka gane cewa in aka haɗa kwaɗayin tafiya da katin bashi, mutane za su riƙa fifita kati a kan tsabar kuɗi. Yadda farashin ya haura abin lura ne: katin Platinum na American Express ya fara da dala 250 a shekara a 1984, a 2025 kuwa ya kai dala 895, wato sama da riyal 3,350 bisa canjin riyal 3.75 a kowace dala.

Bahaushe ya san gyara a kasuwa, ya kuma san cewa mai awo ba ya yin gyara daga uwar kuɗinsa, tun a farashin mudu ya riga ya lissafa ta. Haka sha'anin yake a nan. Banki yana da maɓuɓɓuga uku da yake ɗiban abin da yake rabawa. Ta farko ita ce la'adar da ake cirewa daga mai kanti a kan kowane ciniki, kuma la'adar katin bashi ta fi ta mada nauyi; tun da an hana mai kanti ya ƙara wa mai kati farashi shi kaɗai, sai ya watsa la'adar cikin farashin kayansa baki ɗaya, ta yadda tsohuwar da ta zo da riyal goma a ƙulle a bakin mayafi ita ma tana biyan wani ɓangare na makin da wani yake tarawa. Ta biyu ita ce ƙarin da ake ɗora wa waɗanda suka kasa biyan bashinsu cikin wa'adi. Ta uku ita ce kuɗin shekara da sauran kuɗaɗen hidima.

Akwai shahidai biyu da suke tabbatar da wannan. Da Tarayyar Turai ta ƙayyade a 2015 cewa kason da bankin mai kati yake samu kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100 a katin bashi, sai tukuicin katuna ya ragu ƙwarai a waɗancan ƙasashe, domin rijiyar da ake ɗiba ta ja baya. Haka kuma wani bincike da aka buga a ƙarƙashin Babban Bankin Amurka a 2023 ya ƙiyasta cewa katunan tukuici suna kwashe kimanin dala biliyan 15 kowace shekara daga yankunan masu ƙarancin ilimi da matalauta zuwa yankunan masu ilimi da mawadata, saboda na farkon su ne suke barin bashi ya kwana, na biyun kuma su ne suke biya a kan kari su kwashi maki. Wannan lissafin Amurka ne, amma tsarin katin iri ɗaya ne a ko'ina.

Abin da fukaha'u suka ce

Musulmi ba ya fara tambayar ko abu yana da amfani sai ya san ko ya halatta, kuma ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya riga ya san asali biyu da mas'alar take komawa gare su: cewa bashin da ya jawo wa mai bayar da shi amfani bai halatta ba, kuma ba a haɗa ciniki da bashi a ƙulli ɗaya. Malaman zamani a kan waɗannan asulla suka gina ijtihadinsu.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda take ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi kuma mazauninta yake Jidda, ta zauna a Riyad a watan Satumba na 2000 ta fitar da ƙuduri mai lamba 108 a kan katin da babu kuɗin mai shi a bayansa. Ta yanke cewa idan akwai sharaɗin kuɗin ruwa a cikin yarjejeniyar, bai halatta a fitar da katin ko a yi mu'amala da shi ba, ko da kuwa mai nemansa ya ƙudurta cewa zai riƙa biya kafin wa'adi ya cika. Wannan gaɓa ce da mutane da yawa suke tsallakewa, suna cewa ai su ba za su taɓa yin jinkiri ba, alhali illar tana cikin sa hannu a kan sharaɗin kansa. Idan babu wannan sharaɗi, majalisar ta halatta katin, ta halatta wa banki ya karɓi kuɗi ƙayyadadde lokacin fitarwa ko sabuntawa a matsayin ladan hidimar da ya yi ta haƙiƙa, ta kuma halatta masa la'ada daga mai kanti muddin farashin mai kati daidai yake da na mai tsabar kuɗi. Ma'aunin ke nan: kuɗin shekara ya kasance gwargwadon hidima, domin abin da ya ɗara haka ana tsoron ya zama kuɗin ruwa da aka sauya wa riga. Daga nan ne wasu malamai suka yi tsaiko a kan katin da kuɗin shekararsa yake hauhawa gwargwadon girman bashin da aka yarda a ba mutum.

A ƙuduri mai lamba 139, wanda aka fitar a Maskat a 2004, majalisar ta taɓo tukuicin kai tsaye, ta ce babu laifi a ba mai kati gata na halal, kamar rangwamen farashi ko gabatar da shi wajen hidima, amma ba a ba shi gata na haram, ta kuma buga misali da inshorar kasuwanci da shiga wuraren da shari'a ta hana. Ya kamata a lura da wannan, domin inshorar tafiya tana daga cikin abin da ake ƙawata katunan matafiya da shi, sai mutum ya bincika ko ta takaful ce, wato ta taimakon juna. Dalilin halatta tukuicin a asalinsa kuwa a fili yake: mai kati shi ne mai cin bashi, banki shi ne mai bayarwa, kuma amfanin da aka hana shi ne wanda yake komawa ga mai bayarwa.

Sai dai akwai wata fatawa da ta fito daga nan Makka, wadda take da kusanci ƙwarai da tambayarmu. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na goma sha takwas a 2006, ta yi nazarin katunan rangwame da ake saye da kuɗi ko da biyan shekara-shekara, ta hana su saboda garari, wato rashin sanin abin da mutum zai samu a madadin abin da ya biya, domin hasararsa tabbatacciya ce, samunsa kuwa yana iya yiwuwa yana iya ƙin yiwuwa. In kyauta aka ba da katin kuwa ta ce babu laifi. Gaskiya ne fatawar a kan katin rangwame take, ba a kan katin banki ba, kuma kwamitocin shari'a na bankuna suna kallon kuɗin shekara a matsayin ladan tarin hidimomi sanannu. Amma wanda ya san a zuciyarsa cewa babu abin da ya sa ya biya riyal ɗari biyar sai fatan a mayar masa da ɗari takwas, ya dace ya tsaya ya dubi kamannin da ke tsakanin halinsa da abin da aka hana, ya kai takardar yarjejeniyar ga malamin da ya san fiƙihun mu'amala.

Saura kalmar "Islami" da ake rubutawa a jikin kati. Da yawa daga irin waɗannan katuna an gina su ne a kan tawarruƙi: idan mutum ya kasa biyan abin da ake binsa, sai banki ya sayar masa da wata haja bashi a farashi mai tsada, a sake sayar da ita nan take a madadinsa a farashi mai sauƙi, a biya tsohon bashin da kuɗin, sabon bashi mafi girma ya hau kansa. Kwamitocin bankunan sun halatta wannan da sharuɗɗa, amma majalisar Rabiɗa a 2003, da majalisar Jidda a zamanta na Sharja a 2009, duk sun hana tawarruƙin da banki yake shirya dukan matakansa da kansa. Mabiya mazhabar Malikiyya, wadda ta shahara da toshe kafar da take kaiwa ga haram, su ne mafi cancantar su yi hattara a nan. Akwai kuma faɗakarwa ta musamman ga masu fataucin gwal, waɗanda suke da yawa a cikin jama'armu: ƙuduri na 108 ya hana sayen zinariya da azurfa da kuɗin ƙasashe da katin da babu kuɗi a bayansa, domin sharaɗin wannan ciniki hannu da hannu ne, ko da yake hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci, wadda mazauninta yake Bahrain, ta sassauta idan banki yana biyan mai shago ba tare da jinkiri ba.

Lissafin da ba a cika yi ba

A ɗauka an tsallake shingen halacci, sai a koma ga alƙalami. Adadin da za a kawo misali ne kawai domin a ga yadda ake awon, kowa sai ya sa na katinsa a gurbinsu.

A ce kuɗin shekara riyal 400 ne. Harajin kaya da hidima, wanda ya koma kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020, yana hawa kan irin wannan kuɗi, sai ya zama riyal 460. In katin yana mayar da riyal ɗaya a kowace ɗari, sai mutum ya kashe riyal 46,000 a shekara ta katin, wato kusan 3,830 kowane wata, kafin ya dawo da abin da ya biya, bai ci komai ba tukuna. Kuma ko wannan awon bai cika adalci ba, domin abin da ya kamata a gwada shi da shi shi ne katin da ba a biya wa kuɗin shekara. In wancan yana mayar da rabin riyal a kowace ɗari, to fifikon mai kuɗin shekara rabin riyal ne kacal, sai an kashe riyal 92,000 a shekara kafin su yi kunnen doki. Magidanci nawa ne a Tandabawi yake kashe sama da riyal 7,600 kowane wata ta kati, bayan an cire haya da abin da yake aikawa gida, da harajin iyali na riyal 400 a kan kowane mutum a wata ga waɗanda harajin ya hau kansu?

Ɓangaren da ya fi haɗari shi ne na saura. In mutum ya bar riyal 5,000 a kan katin, ana ɗora masa kashi biyu da rabi cikin ɗari a wata, riyal 125 ke nan kowane wata, kusan 1,500 a shekara, wato fiye da ninki uku na dukan tukuicin da ya wahala yana tarawa. Biyan mafi ƙarancin abin da aka nema a wata, wanda yawanci kashi 5 cikin 100 ne, yana kare mutum daga a kira shi mai taurin bashi, amma bashin yana nan yana haihuwa. Wanda kuma ya kasa ko wannan, sunansa zai shiga rajistar SIMAH, kamfanin da yake adana tarihin bashin mutane, abin ya bi shi duk ranar da ya nemi wata mu'amala da banki.

Akwai wata hasara da ba ta bayyana a takardar banki. Malamai biyu na jami'ar MIT, Prelec da Simester, sun nuna a wani gwaji da suka buga a 2001 cewa mutane sukan yarda su biya farashi mafi tsada in da kati za su biya, domin rabuwa da takardar kuɗi tana da zafin da goga kati ba shi da shi. In aka ƙara da kwaɗayin cika maki, sai mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba domin a mayar masa da ɗaya cikin ɗari, ya manta da casa'in da taran da suka tafi. Wannan shi ne israfin da ake shiga da niyyar tattali.

Zancen tafiya

Mil-mil su ne suka fi jan hankalin wanda danginsa suke Kano ko Maraɗi, kuma nan ne ya fi kamata a yi haƙuri da lissafi. A ce kati yana ba da mil ɗaya a kowane riyal huɗu, mutum kuma yana kashe 3,000 a wata, zai tara mil 9,000 a shekara; in tikitin da yake so yana cin mil 30,000, sai ya haura shekara uku yana tarawa, ya biya kuɗin shekara aƙalla sau uku, riyal 1,380, sannan ya biya harajin tikitin da kuɗinsa, kuma kujera ɗaya ce ya samu alhali shi da iyalinsa biyar ne. Kujerun da ake bayarwa da mil ƙididdigaggu ne, sun fi wuyar samu a lokutan da kowa yake son tafiya, kamar Ramadan da hutun makarantu da bayan aikin Hajji. Mil ba kuɗi ba ne da hukuma ta tsaya wa darajarsa. Kamfani ne yake yanka masa ƙima, yana iya ƙara adadin da ake bukata, kuma da yawa suna da wa'adin da suke mutuwa. Wanda yake shakkar cewa wannan kasuwa ce mai tsoka ga kamfanoni, ya tuna cewa a 2020, lokacin annobar korona, kamfanin Delta ya jinginar da shirinsa na mil-mil ya karɓi bashin dala biliyan 9.

Zauren hutawa na filin jirgi kuwa ƙimarsa ga mutum ita ce abin da da zai kashe a kan shayi da abinci in babu shi, ba farashin da aka rubuta a ƙofarsa ba. Mai tafiya sau ɗaya a shekara biyu bai kamata ya lissafa shi da komai mai yawa ba. Haka nan a tuna cewa sayayya da katin a wajen Saudiyya tana da nata kuɗin canji, wanda shi kaɗai yakan haɗiye tukuicin, kuma cirar tsabar kuɗi da katin bashi tana da caji alhali galibi ba ta kawo maki.

Hujjar masu goyon baya

Adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai waɗanda katin yake yi musu amfani na gaske. Ɗan kasuwar da yake zirga-zirga tsakanin Jidda da Dubai da Guwanzu, ko mai hidimar alhazai da yake biyan kuɗin masauki da motoci na dubban riyal waɗanda ko da kati ko babu sai ya biya su, wanda kuma yake share bashinsa gaba ɗaya kowane wata, irin wannan yana iya samun ninkin abin da ya biya, ƙarin nauyin kaya da zauren hutawa ma suna rage masa wahala ta haƙiƙa. Suna kuma kafa hujja da cewa otal-otal da kamfanonin hayar mota sukan nemi katin bashi a matsayin jingina, kuma in aka yi wa mutum zamba ya fi sauƙi a tsayar da kuɗin banki a kan a dawo da nasa da ya riga ya fita. Hujjoji ne masu ƙarfi, sai dai biyun ƙarshe suna tabbatar da amfanin katin ne, ba amfanin kuɗin shekara ba, domin katin da ba a biya wa komai, wani lokaci ma wanda ake zuba wa kuɗi tukuna, yana biyan mafi yawan wannan bukata.

Haƙƙin mai kati a doka

A tsakiyar 2025 SAMA ta sabunta ƙa'idojin katin bashi. Daga cikin abin da ta ƙayyade, cajin cirar kuɗi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 kuma kada ya haura riyal 75, cajin sayayya a ƙasashen waje kashi 2 cikin 100, sannan a ba mai kati wa'adin da bai gaza kwana 25 ba kafin a ɗora masa tarar jinkiri. In banki ya sauya kuɗaɗensa wajibi ne ya sanar da mai kati, shi kuma yana da kwana 14 da zai iya soke yarjejeniyar a mayar masa da kuɗin watannin da suka rage. Bankuna da dama kuma sukan yafe kuɗin shekarar farko, kuma a nan ne mutane suke shagala, sai a shekara ta biyu su ga an cire ba su shirya ba.

Hukunci

Kuɗin shekara yana cancanta ne ga wanda sharuɗɗa huɗu suka haɗu a kansa: yarjejeniyarsa ta kuɓuta daga kuɗin ruwa da shubuhar da malaminsa bai natsu da ita ba, yana biyan duk abin da ake binsa kowane wata ba tare da saura ba, abin da yake kashewa ta katin abu ne da dama zai kashe, kuma tukuicin da ya karɓa a hannu cikin shekarar da ta wuce, ba wanda aka yi masa alkawari ba, ya ɗara kuɗin shekara da harajinsa. Waɗanda suka cika waɗannan kaɗan ne, kuma ga mafi yawan gidajen Tandabawi katin mada, ko katin da ba a biya wa kuɗin shekara, ya wadatar. Wanda yake riƙe da irin wannan kati a yanzu, ya nemi bayanin asusunsa na wata goma sha biyu, ya rubuta abin da aka cire masa a gefe ɗaya da abin da ya karɓa a ɗaya gefen, ya duba ranar sabuntawa. In na farkon ya fi nauyi, ya yi amfani da makin da ya tara, ya biya abin da ake binsa, ya rufe katin kafin ranar ta zo.